Hantar Baba da Ganyen Shinkafa

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau aka kawo Baba daga gonarsa ta shinkafa a Zabarmari. Idanunsa sun yi rawaya, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wai ciwon shawara ne kawai, mako guda zai koma gona. Mama ta shimfiɗa masa a ɗakin da iska ta fi shiga.

Ban je lacca ba. Ko a jikina. Ni da na nemi likitanci aka jefa ni bayoloji, shekara ta biyu ke nan ina zanen ganye kamar 'yar firamare.

Alhamis, 10 ga Yuli

Asibiti tun safe. Hanta ce.

Likita ya tambayi Baba abin da yake sha, ya ce babu. Mama ce ta tona: haɗin ƙwayoyin kemis kullum da yamma saboda ciwon baya, ga jiƙon saiwoyi, ga feshin maganin ƙwari da yake yi ba ya rufe ko hanci. Shekara nawa? Ta ce tun ina goye. Likita ya hana duka.

Aka miƙo mini takardar gwajin don ni ce 'yar jami'a. Na ƙura mata ido, ban gane komai ba. Na ninke na sa a jaka.

Asabar, 12 ga Yuli

Na tsinci ledar ƙwayoyin a aljihun rigarsa da zan yi wanki. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya dube ni ya ce, "Muhsina, ke likita ce?"

Na san ba da nufi ya faɗa ba. Duk da haka ban iya cin abincin rana ba.

Talata, 15 ga Yuli

Na koma lacca don kawai in bar gidan. Dakta Pindar, malamarmu ta ilimin ƙwayar halitta, ta zana wani abu a allo kamar raga mai lanƙwashe-lanƙwashe. Santsin endoplasmik retikulum. Sunan ya fi abin tsawo. Ta ce a nan ƙwayar halitta take ƙera maiƙo, wanda da shi ake gina fatar da ta kewaye kowace ƙwaya a jiki. Ina ta zanen fure a gefen littafi.

Sai ta ce a cikin hanta wannan raga ta fi yawa, domin ita ke karɓar duk magani da gubar da mutum ya haɗiya, ta sauya su yadda za su narke a ruwa su fita da fitsari. In aka yi ta ɗura mata, sai ta ƙara yawa don ta iya da aikin. Amma akwai magungunan da in aka farfasa su, abin da ke fitowa ya fi su dafi, kuma in ya taru ƙwayar hantar da kanta take mutuwa.

Na daina zanen furen. Na yi rubutu har yatsana ya yi zafi.

Laraba, 16 ga Yuli

Bayan la'asar ina karatu a gindin dogon yaron tsakar gida, Baba yana kwance a tabarma. Tun Asabar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ce me nake ta motsa baki a kai. Na ce karatu. Ya ce in karanta ya ji, amma da Hausa ko da Kanuri, ba ya son a zage shi da Turanci.

Na sha wuya. Ashe abin da ba ka iya faɗa wa mahaifinka ba, ba ka gane shi ba. Na ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane ɗaki da ma'aikatansa. Wasu suna yin mai.

"Kamar na gyaɗa?"

Na ce kusan haka, amma na gini ne, ba na miya ba. Ya yi dariya, ta farko tun zuwansa. Da na zo kan masu wanke guba a hanta sai dariyar ta ɗauke. Ya tambaya ko suna hutawa. Na ce in an bar su.

Ya juya ya fuskanci bango. Ban san ko na kyauta ba.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ledar ƙwayoyin Baba tana nan, na duba.

Talata, 22 ga Yuli

Gwaji a ɗakin bincike. Aka ba kowane tebur ɗanyar hantar akuya da wani ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda ake wanke rauni da shi. Da muka jefa ɗan yanki sai kumfa ta taso har ta zubo a teburi. Dakta Pindar ta ce aikin feroksisom ne, wasu 'yan jakunkuna a cikin ƙwayar hanta masu mayar da wannan ruwa mai cutarwa ya koma ruwan banza da iska. Sannan aka jefa dafaffiyar hanta. Shiru. Ko ƙwayar kumfa.

Ban san lokacin da na fita ba. Humaira, ƙawata, ta biyo ni da jakata. Daga baya Dakta ta same mu a baranda. Na faɗa mata ciwon Baba. Ta ce ita ba likitarsa ba ce, ba za ta yi mini alkawarin komai ba, amma a duk kayan cikin mutum babu mai ƙoƙarin gyara kanta kamar hanta, in an daina cutar da ita da wuri. Ta ce mahaifinta ma manomi ne.

Na tsani yin kuka gaban mutane.

Juma'a, 25 ga Yuli

Kafin a tafi masallaci Baba ya miƙa wa Mama ledar ƙwayoyin da galan ɗin jiƙon. Abin da ya ce kawai, "A bar su su huta." Mama ta dube ni, ba ta gane su wa ba.

Laraba, 30 ga Yuli

Kwana biyar masu wuya. Bayan nasa ya hana shi zama, ya hana shi kwanciya. Ina gasa masa da ruwan ɗumi safe da yamma. Ban san ya rame haka ba sai da na taɓa kafaɗunsa. Kafaɗun da suke ɗaukar buhu.

Sau ɗaya ya ce ko rabin ƙwaya. Na yi kamar ban ji ba, shi ma bai maimaita ba.

Yau Malam Audu, maƙwabcin gonarsa, ya zo dubiya. Ya tugo gindin shinkafa guda da lakarsa a cikin leda, don Baba ya ga yadda ta yi 'ya'ya. Baba ya riƙe ta a cinya yana ƙirga ganyen da yatsa, yana shinshinawa. Ya ce tana son taki nan da kwana goma. Da suka shiga hira na tsinke ganye ɗaya na sa a jiƙaƙƙen ƙyalle.

Alhamis, 31 ga Yuli

Na roƙi Dakta Pindar ta bar ni in duba ganyen a madubin ƙara girma. Sau bakwai ina yankawa da reza yana fitowa da kauri. Na takwas ya yi.

Na sha ganin hoton kuloroplas a littafi. Ba ɗaya ba ne. Koraye shar, cunkus a cikin kowane ɗaki, kamar an zuba ƙananan duwatsun ado. Na ɗora wayata a bakin madubin na ɗauka.

Da na nuna wa Baba sai da ya sa aka kawo masa tabarau. Na ce waɗannan su ne suke kama hasken rana, su haɗa da ruwan da saiwa ta sha da iskar da ganye ya shaƙa, su yi sukari. Sukarin nan shi ne yake taruwa ya zama ƙwayar shinkafa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Daga gonata?" Na ce daga gindin da Malam Audu ya kawo.

Ya yi tasbihi a hankali. Ya ce shekara arba'in yana cewa shi ke noma, ashe ɗan rakiya ne. Sannan ya yi mini sannu da Kanuri, "Wushe, Muhsina." Ya ce kada in goge, sai Audu ya gani.

Alhamis, 14 ga Agusta

Sabon gwaji. Rawayar ido ta ragu, kumburin ma. Likita ya ce akwai inda ya riga ya yi tabo, ba zai dawo ba, amma sauran yana riƙe da aikin. Gona kuwa, ba bana ba. Feshi, har abada.

Ni da Baba muka hau keke Napep zuwa gida. Ya ce Audu zai girbe masa, mutumin kirki ne. Ya ɗora hannunsa a kan nawa ya bar shi a nan.

Wannan karon na gane layi uku a takardar.

Lahadi, 24 ga Agusta

Baba ya taka da ƙafarsa har bakin titi ya dawo. Ya ci tuwo malmala guda.

Dakta Pindar tana neman ɗalibai huɗu da za su taya ta aikin hutu a kan ganyen shinkafar da ƙwari ke ci, ko za a samu hanyar rage feshi. Ba biya, ba maki. Na rubuta sunana, don dai takardar ta biyo ta gabana. Da Baba ya ji, ya zaunar da ni ya lissafo mini ƙwari iri shida da lokacin zuwan kowanne, ina rubutawa.

Humaira ta ce ba ni ce na rantse zan ƙarar da hutun nan ina shirin sake jarrabawar shiga likitanci ba? Na ce mata saboda Baba ne kawai. Ta ce to.

Gobe ƙarfe takwas ake farawa. Tun jiya na goge farar rigata.