Maccido Ya Ce Kana Raye

Daga Illela, ran Laraba, shekara ta uku da soma yaƙin Turawa.

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan farko da ke tada ƙamshin ƙasa, Maharazu. Ka ga sunan da bakina bai taɓa furtawa ba don kunya, yau alƙalami ya rubuta shi, kuma ban ji nauyi ba.

Kana raye! Don sauri tawada ta zube mini a zane, ka yi haƙuri da karkacewar baƙaƙen nan. Yau da hantsi ina sussukar gero sai ga Maccido na Amarawa, wanda anka tsare ku tare a gidan yarin Sakkwato, ya yi sallama a zaure. Ya rame kamar karan dawa, ga sawun marin ƙarfe a ƙafafunsa. Ya ce shekaranjiya anka sake shi, kuma da idonsa ya baro ka kana jan salla ga ɗaurarru.

Ka san mi sunka gaya mini bara? Wani dogari ya zo ya ce zawo ya kashe ka a tsare. Dangi sunka taru, anka ce in shiga takaba. Na ce wa ya yi maka wanka, wa ya sallace ka, ina kushewar? Baba Malam, limamin garinmu, ya ce ba a yi wa mace takaba da jita-jita. Tun daga nan mata ke kallona a bakin rijiya kamar wadda ta taɓu, ni ko ina ɗebo ruwa ina cika randarka kullum.

Duk da haka yau ban yarda da Maccido nan take ba, don zuciyar da ta sha ƙuna tana tsoron ko da albishir. Sai ya ce ka ba shi saƙo: wai a gaya mini har yanzu jakin nan ya fi ka hankali. Wayyo, maigidana! Na yi dariya har na durƙushe, dariyar ta koma kuka. Wa ya san wagga magana in ba mu biyu ba? Ranar da muke dawowa daga Garu, ina amarya, ruwa ya tare mu a fadama, jaki ya ƙi shiga, kai ko ka ce namiji ba ya tsoron taɓo. Ka ɗauke ni a kafaɗa, ka yi taku kaɗan munka zube tare, jaki na tsaye a tudu yana kallonmu. Har gobe ina jin ɗumin wuyanka a tafin hannuna.

Mi ka yi musu, ya farin watana? Samarin Ƙwanni sunka gudo don kada Faransa ta kai su yaƙin da ba su san mafarinsa ba, ka shimfiɗa musu tabarma. Da umarni ya zo daga Turawanmu a ɗaure su a mayar, ka tashi a tsakiyar kasuwa ka ce wanda ya sha ruwa a zaurenka ba za a sa masa igiya ba. Shi ke nan laifin. Babu alƙali, babu shaida, babu ranar fita. Maccido ya ce sun sha yi maka tayin saki in ka faɗi ƙauyukan da ka ɓoye yaran, sun hana ka abinci, sun sa ka ɗaukar tubali da tsakar rana, kai ko ka ce ka manta. Da can ina jin haushin taurin kan nan naka. Yau shi nake taƙama da shi, kamar giginyar da iska ta gaji da ita.

To ka saurara, zumar raina. Jibi in Allah ya so muna tasowa tare da ayarin masu gishiri. Baba Malam zai tsaya gaban alƙalin Sakkwato ya nemi a faɗi laifinka a fili ko a sake ka, kuma malamai daga ƙauyen Araba sun ce da su za a je. Na daka maka dakkeren gero, na wanke farar rigarka. In sun buɗe ƙofa, falillahil hamdu. In sun ƙi, zan zauna a gindin katangar nan har su gaji da ganin fuskata. Roƙona guda: ka ci duk abin da anka ba ka, ka riƙe ranka, kada ka faɗi sunan kowa saboda ni.

Kuma ba ni kaɗai za ka gani ba. Cikin da ka bari ya zama ɗiya, Baraka, tana tafiya da ƙafafunta, da goshinka da taurin kanka. An koya mata cewa ita marainiya ce. Yau na zaunar da ita a cinyata na warware mata.

Taka ce ni a Illela, taka a bakin ƙofar kurkuku, taka har ranar da za a tada mu.

Matarka,
Safiyyatu