Rumfa Mai Tambarin Tulu

Litinin, 9 ga Janairu, 2023

Saura kwana biyar auren Nahla. Shekara takwas ke nan da 'yan watanni tun ranar da 'yan gudun hijirar Mubi suka cika tashar Jimeta, na ga Yagana zaune a ƙasa da 'yarta Nahla mai takalmi ƙafa ɗaya, mijin kuma babu labarinsa har yau. Ban san su ba, na dai ce su taso. Shekara uku muna tukunya ɗaya kafin ta kama ɗaki a bayan layinmu nan Limawa. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, Nahla ce ta fara ce mini Dada.

Yagana ta ce ni zan riƙe hannun Nahla in kai ta ɗakin angonta Tahir a unguwar Makama, ni zan danƙa amanarta ga danginsa. Wallahi tun da ta faɗa bakina ya ƙi rufuwa.

Alhamis, 12 ga Janairu

Mai hayar rumfa ya yi mana tsiya, wai 'yan kamfen sun kwashe komai. Na ce wa Yagana ta bar mini. Shekara goma ina shugabar mata a mazaɓa, in kasa samo rumfa? Na je ofishin jam'iyya, ciyaman Ɗanburam ya ba ni rumfa uku, kujeru, har da bas ta kai amarya. Duk akwai tulu a jiki, tambarin jam'iyyarmu. Na gani mana. Idona ne ya saba da shi. Ban gaya mata daga ina ba, so nake ta gani ta yi murna.

Asabar, 14 ga Janairu

Ba ni na kai ta ba.

Lahadi, 15 ga Janairu

Bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Dangin ango sun iso bayan azahar. Hajja Yusrah, uwar Tahir, ta ɗaga kai ta dubi rumfa ta ja ta tsaya. Matanta kusan talatin suka tsaya bayanta cikin rana, ga kujeru babu kowa. Na san gidansu 'yan jam'iyya mai tambarin tsani ne, ƙaninta ma takara yake yi. Na sani! Kawai ban haɗa wannan da wancan ba. Ina cikin ba su haƙuri sai ga bas ta karyo kwana, hoton ɗan takara kamar ƙofar gida, direba kuma don iyayi ya saki waƙar jam'iyya a lasifika.

Hajja ta ce, da ƙarfi don kowa ya ji, "'Yan tulu ai haka suke. Ko maƙabarta ka gayyace su, da fosta za su zo." Wata a bayanta ta ce a duba jakata, ba za a rasa taliya da sabulun sayen ƙuri'a ba. Aka yi dariya.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Ina! Bakin nan nawa. Na ce su 'yan tsani me suka iya ban da ƙona taya da zagin na gaba, gidan da babu tarbiyya. Gidan da za a kai 'yata na ce wa haka, a gaban mutane.

Yagana ta ja ni ɗaki. Ta ce, "Adda, ki yi wa Allah ki zauna a gida. Can yarinyar za ta zauna, ba nan ba."

Wata gwaggon Nahla da ta zo daga Maiduguri, wadda ba ta taɓa wanke mata ko ɗankwali ba, ita ta riƙe hannunta. A keke napep biyar suka tafi. Ta taga na gani. Nahla ta waiwayo sau ɗaya, ko mayafi take gyarawa, oho.

Laraba, 25 ga Janairu

Har kasuwa maganar ta kai. Wai jam'iyya ce ta turo ni in mayar da bikin marainiya gangami. Mai kayan miyan da nake saye a wurinsa tun ina amarya ya ce, cikin raha wai, "Hajiyar tulu, yau wa za a saya?" Na ajiye masa tattasansa na tafi.

Abin da ke ci mini rai: ba wanda ya taɓa tambayata me ya kai ni jam'iyyar. Lokacin gudun nan, matan ofishinmu ne suka ɗora tukwane a bakin tasha, mako shida muna dafawa. A ƙarƙashin irin wannan rumfar Yagana ta sha ruwan farko a Jimeta. Ban taɓa miƙa wa kowa sabulu don ƙuri'a ba. Akwai masu yi a cikinmu, ban musa ba, a cikinsu ma akwai. Amma ni Rumasa'u ce kafin tulu.

To ita ma Hajja ai tana da suna kafin tsani. Wannan ban son tunaninsa.

Talata, 21 ga Fabrairu

Mun haɗu da Yagana a wurin niƙa. Ta gaishe ni sosai, har da rusunawa. "Ina kwana, Shugaba." Shugaba! Gara ta zage ni.

Na je Makama sau biyu. An ce Hajja tana barci, amarya kuma ta fita. Takalmanta na bakin ƙofa.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Nahla ta haihu, mace. A bakin maƙwabta na ji. An kawo ta gidan Yagana wankan jego, kwana arba'in. Yagana da ciwon bayan nan nata, ko bokiti ba ta iya ɗagawa, wa zai dafa ruwan? Ba ruwana. Ba a kira ni ba.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Na je. Bayan asuba na ɗauki itace da ganyen darbejiya, na yi sallama na hura wuta a tsakar gidan. Yagana ta fito ta dube ni, ta koma, ta turo mini babbar tukunya. Ni na yi wa Nahla wankan. Ta rame. Tana sunkuye ta ce a hankali, "Dada, ruwan ya yi zafi." Na ce haka ake yi. Hayaƙi ya dame ni, sai share ido nake.

Ranar suna Hajja za ta zo. Yagana ba ta ce in zo ba, ba ta ce kar in zo ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

An yi suna. Na gama wanka da sassafe na dawo gida na rufe ƙofa. Ina jin guɗarsu daga nan. Ba wanda ya kore ni wannan karon, ni na ga ya fi wa yarinyar.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Ɗanburam ya aiko sau uku, taron mata, wai kujerata babu kowa. Na ce a ce masa zazzaɓi nake. Ban bar jam'iyya ba, kar ma wani ya ce na bari, katina na nan cikin jaka. Aiki ne ya yi yawa.

Yau ina juye ruwa Hajja ta shigo duba jikarta, ba zato. Na tsaya da bokiti a hannu. Maganar da na shirya wata goma, wadda zan wanke kaina da ita, tana bakina. Sai na ji na durƙusa na ce ta yafe mini abin da na faɗa a kan gidanta. Ita ba ta ce komai a kan nata ba. Ta ce Allah ya yafe mana, ta wuce ciki.

Na jira in ji haushi, bai zo ba. Saura kwana ashirin da biyar a gama wankan, daga nan su mayar da ita Makama. Ban tambayi wa zai raka ta ba.