Jikan Ɓarawon Kuza

Dutse Uku, Jos
4 ga Agusta

Zuwa ga Hajiya Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai jego Salma da ɗan baƙonmu. Yaya ciwon gwiwa, zafin Bauchi ya sassauta shi? Mu nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa. Na san za ki ce ga waya, me ya kai ni takarda. To, waya ta gaisuwa ce, wannan maganar kuwa sai da zama.

Hoton jaririn da aka turo ya hana ni sakat. Jiya bayan azahar ina kallonsa a zaure gyangyaɗi ya ɗebe ni. Sai na ga hazo ya sauko daga kan duwatsu, leburorin kuza na zamanin ƙuruciyarmu suna fitowa daga cikinsa a jere, kwanuka a ka, ƙafafu duk jan laka. Na san kowa da sunansa da abin kunyarsa. Bayan kowannensu akwai wani na biye, amma fuskokin mabiyan sun ƙi fitowa.

Shekara talatin ke nan duk mai binciken aure a unguwar nan zaurena yake fara zuwa. In ba shi labarin kaka da kakan kaka, in rufe da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Aure nawa ya mutu a tabarmar nan tun ba a ɗaura ba? Ni kuwa gani nake gaskiya nake tsarewa. Da na farka na sake duban jikanmu, sai na ce: ran da aka zo binciken wannan, me wani tsoho zai faɗa game da kakansa?

Na yanke shawara, idona biyu: daga yau ba zan ƙara auna mutum da kabarin wani ba. Abin da hannunsa ya yi, shi zan faɗa.

Ki shafa mini kan yaron.

Naki,
Ishaku

12 ga Agusta

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ya kwanan jego, ya kukan sabon maigida? Allah Ya raya. Ashe alkawari yana da kunne, da ka ɗauke shi sai ya kira mai gwada ka.

Washegarin wasiƙata Gwadabe direban tirela ya yi sallama. Wani Abdulfatah, mai walda a Gada Biyu, ke neman 'yarsa Kausar, ya ce maganata kawai yake jira. Hajiya, jikan mutumin nan ne da ya ɗura kuzar kamfani a cikin ƙarfen kekensa, keken ya yi nauyi ya ƙi hawa tudu, har masu gadi suka zo taya shi turawa. Cikin labaraina duk babu mai daɗinsa. Harshena har ƙaiƙayi ya yi. Na haɗiye, na nemi kwana bakwai.

Bayan ya tafi na gane ko fuskar Abdulfatah ban sani ba. Na san matattun garin nan fiye da masu rai.

Sai na ɗauki karyayyar kujerarki ta ƙarfe na kai shagonsa. Ya gyara a ranar, amma kullum sai in koma in ce ƙafa ɗaya na rawa. In zauna a benci ina kallon tartsatsin wuta kamar taurari na zuba da rana tsaka, har in manta abin da ya kawo ni. Mutumin yana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Wata tsohuwa, Atine, ta kawo murhunta, ya yi ta mita wai ta bari ya ruɓe, sannan ya ɗauka da kansa ya tsallakar mata titi. Na ga ya fasa waldar wata ƙofa ya sake, a wurin da mai ita ba zai taɓa leƙawa ba. Maƙwabcinsa Livinus mai kayan mota ya ce mini da Hausarsa, wai wannan oga bakinsa wuta, amma hannunsa ba cuta.

Rana ta shida Abdulfatah ya ce idan bincike na zo yi in daina wahalar da kujera. Mahaifinsa ya rasu, in ji shi, ya kuma san abin da ake cewa game da kakansa, an taɓa hana shi mata biyu a kai. Bai ce ni ne ba. Ni ma ban iya ɗaga kai ba.

Gobe Gwadabe zai dawo. Ki sa ni a addu'a.

Ishaku

17 ga Agusta

Hajiya Hassana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ki gaishe da Salma da mijinta.

Gwadabe ya zo, bai yi kwana-kwana ba, asali ya tambaya. Ban yi ƙarya ba. Na ce kakan ya saci kuza, an ɗaure shi, na tsaya nan, ban sa wa labarin gishiri ba. Sannan na kwashe abin da na gani a kwana bakwai na faɗa masa, har da faɗan.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ai ni na koya musu maganar barewa, tsufa ne ya kama ni ko shayin Gada Biyu ne ya yi daɗi? Ya miƙe yana neman takalmi. Na ga auren zai mutu a tabarmata kamar sauran. Sai na ce masa ni zan zama wakilin ango, ni zan karɓi auren a gaban jama'a, in Kausar ta yi kuka ƙofata zai buga.

Ya daɗe tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa, ruwa na sauka a kwano. Sannan ya saka ɗayan ya tafi. Kwana uku ina zaune ina kallon hazo na hawa dutse yana sauka. A masallaci har an fara raɗa wai Malam Ishaku ya ruɗe, zauren ma ya yi shiru, ban kuwa ji zafin da na zata ba.

Jiya da la'asar Gwadabe ya aiko. An sa rana, Asabar ta biyu bayan arba'in ɗin Salma.

Yanzu ki gaya mini, a wane akwati kika ajiye farar babbar rigata? Na birkice ɗakin duka ban gan ta ba, kuma ba zan tsaya wa jikan ɓarawon kuza da rigar aro ba.

Mijinki mai kewarki,
Ishaku