Akuya a Cikin Kwali

Talata, 3 ga Yuni

Yau na kwance Akuya na sa ta a kwali. Umma har gobe ba ta gane abin da zai sa mace da hankalinta ta raɗa wa keke suna ba, balle ta ɗora shi a jirgin sama zuwa wata ƙasa don kawai ta hau duwatsu. Ni na san wahalar da na sha. Shekara guda ina hawa tudun bayan asibiti da asuba kafin in shiga aiki. Ranar Litinin ayarin masu keke zai tashi, sati guda a kan duwatsu, kuma ko ana ha-maza-ha-mata sai an tafi da ni.

Na sace iskar tayoyi, na cire ta gaba, na naɗe komai da soso. Feda biyu da sandar ƙarfen da ke riƙe tayar gaba na zuba su a 'yar jaka ja, na ɗaure a jikin sirdi.

Kamfanin jirgi kuwa, Allah ya isa. Kowa na kira da tasa maganar. Na ƙarshen har tambayata ya yi ko keken yana da inji. Injin me? Ƙafafuna ne injin!

Alhamis, 5 ga Yuni

Na dawo aiki na tarar da Umma tana leƙen kwalin. "Duk wannan wuri zai tafi a banza?" Tun kafin ta ƙarasa na san inda ta dosa. Saƙo ga Yaya. Wai ai ƙasar da zan je nan yake zaune.

Na ce Umma, ba wurinsa zan je ba. Mutumin da Baba ya yi ta jinya har ya rasu bai tako ƙafarsa ba, kullum sai waya, "aiki ya riƙe ni." Ni ce na yi ta kwana a kan kujerar roba. Tun daga lokacin ban sake ɗaga wayarsa ba, kuma ba yanzu zan fara ba.

Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin nata! Wallahi gara ta zage ni.

Na yarda da jaka ɗaya. Ta ce in je in yi wanka, ita za ta shirya. Na fito na tarar ta ɗinke bakin jakar da zare da allura, ta cusa ta a gefen taya, har ta rufe kwalin ta laƙaba masa salatif ko'ina. Na gaji, na bar shi haka.

Juma'a, 6 ga Yuni

Ta tagar jirgi na ga yadda suka wurga kwalin kamar buhun siminti. Duk "a yi hankali" ɗin da na rubuta a jikinsa ya tashi a banza.

Asabar, 7 ga Yuni

Na sauka lafiya. Kwalin ya fito da ɓaraka a gefe, amma na leƙa, Akuya ba ta ji ciwo ba. Nan take a filin jirgi na yanka salatif, na zaro jakar Umma, na miƙa wa masu kai saƙo da adireshin da ta rubuta a jiki. Sun ce gobe da safe tana hannunsa. Na sauke nauyi ban ga fuskar kowa ba, har ina yaba wa kaina wayo.

Da yamma a masauki.

Babu jaka ja. BABU. Na zazzage kwalin, na yayyaga soso, na leƙa har ƙarƙashin gado kamar a nan ta faɗi. Na kira Umma.

"Au, 'yar jakar ƙarafan nan? Ai na ji tana ta ƙwaram-ƙwaram, na ce kar ta kankare miki fenti. Na sa ta a tsakiyar rigunan yayanki."

A cikin jakar da na aika da hannuna!

"Ai sai ki karɓa in kin kai masa," in ji ta, muryarta fes.

Lahadi, 8 ga Yuni

Shagon keke ɗaya ne a ƙauyen nan. Feda akwai. Sandar tayar kuwa ba irin tawa, sai an yi oda, ta iso Alhamis. Kekunan haya duk an kama, saura wani zabgege da ƙafata ba ta ko kai feda ba. Jagoran ayari ya ba ni haƙuri da murmushinsa, ya ce gobe da safe za su tashi, ba sa jiran kowa.

Na daɗe zaune ina kallon Akuya durƙushe ba tayar gaba. Shekara guda ta tafi a kan ƙarfen da bai fi tsawon cokali ba? Na yi kuka, na baƙin ciki, ba na komai ba.

Sai na kira Yaya. Ko gaisuwa ban yi ba, na ce akwai kayana a jakarka.

Ya ce, "Auta?"

Ya ce ga su ma a hannunsa, tun ɗazu yake juya su yana tunanin me Umma take nufi da aiko masa feda. Na faɗa masa inda nake, na ce ya ba wani direba. Na kashe.

Kafin magariba.

Da kansa ya zo. Tafiyar rabin yini a mota. Ya yi furfura. Wa ya ce masa ya yi furfura? Ta gefe sak Baba, abin ya ƙara ƙona mini rai.

Ya riƙe keken, na zura sandar na ɗaure. Ya buɗe baki zai yi maganar Baba, na ce ba yau ba. Ya ce, "To." Irin na Umma.

Na hau in gwada a farfajiya, sai na ji hannu a bayan sirdi yana bina da sassarfa, kamar lokacin da yake koya mini keke a layinmu. Na ce, "Yaya, saki mana, ni ba yarinya ba ce." Ya saki da sauri. Ban waiwaya ba sai da na kai ƙofa.

Litinin, 9 ga Yuni

An tafi da ni! Yana tsaye a bakin hanya sanye da rigar da Umma ta aiko, ta yi masa yawa. Ban ɗaga masa hannu ba. Gangara ce, hannuwana biyu suna kan birki.

Laraba, 11 ga Yuni

Cinyoyina sun mutu. Akuya ko a jikinta. Daga saman dutsen yau gajimare yana ƙasa da mu, na rasa wanda zan nuna wa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Mun gama. Umma ta kira tana tambaya ko na samu ƙarafaina, kamar ba ita ba. Wai fenti! Matar da ta taɓa shanya tsumma a kan keken nan yau ita ce mai tausayin fenti. Za mu yi ta in na koma.

Jagora ya ce gobe mota za ta kai kowa tashar jirgin ƙasa. Na ce a cire ni. Ba wani abu ba ne, kwalin Akuya ya lalace, Yaya kuma ya ce akwai babba a garejinsa, zai zo ya ɗauke ni. Kwali kawai zan karɓo.

Wai 'yarsa, wadda ban taɓa gani ba, tana son koyon keke, shi kuma bayansa ya daina jure sunkuyo. Yini ɗaya ba ya isa a koya wa yarinya keke, kowa ya san wannan. Da safe zan kira kamfanin jirgi in ji ko za su ɗaga mini tikiti. Na san sai sun sake ƙona mini rai.