Jar Galma Ba Ta Tsiro Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya kamaci 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah ya sa kina kwance cikin rahama. Mu muna nan inda kika bar mu, sai dai mun ragu ƙwarai.

Inna, zancen kuɓewarki ne ya kawo ni. Jar Galma, wadda kika zo da irinta cikin gora ranar da aka kawo ki garin nan daga garinku Galma. Na shuka ta bana, ba ta tsiro ba. Gara in faɗa miki tun da fari, don na san ba ki son mai kewaye-kewaye.

Kin tuna yadda unguwarmu take da damina? Ƙasa ce ta duwatsu, amma ku matan unguwa kuka tsince su da hannu, kuka jera su suka zama iyakar fangali a bayan kowane ɗaki. Zogale a jikin danga, lalle kusa da randa, yakuwa da rama a tsakiya, duma ya hau rufin ɗaki ya kwanta. Ko ruwan wanke-wanke ba a watsarwa a banza, kowace ta yi masa 'yar hanya zuwa gindin wani abu. In ruwan farko ya sauka sai ku ɗaura zane ku bi gida gida, ana shuka ana tsiya. Ke ce kika fi kowa baki. Kin taɓa duban kabewar Hajo maƙwabciyarmu kika ce ko akuya sai an roƙe ta kafin ta ci.

Kowace mace tana da abokiyar gora. Irin gidanki ba ya kwana ɗakinki, yana wurin ƙawarki cikin toka, an liƙe bakin gorar da laka, nata kuma yana wurinki. Ita za ta fasa lakar, ita za ta jefa ramin farko a bayan ɗakinki. Taki ita ce Gwaggo Tabawa. Ina ƙarama na tambaye ki dalili, kika ce, "In wuta tac ci ɗakina, ai na Tabawa na nan." Na ga hikimar abin, har na yi ta yi wa 'yan wasu unguwanni fankama da shi.

Kuɓewar kuwa ba ta da tsara. Jan kara, gajerun 'ya'ya, ga yauƙin da 'yan ƙwaya kaɗan ke ɗaure tukunya. Baba ba mai yabon girki ba ne, amma ranar miyarta shiru yake yi har ya suɗe akushi.

Sai shekarar fara. Kina da rai kika ga yadda suka sauka, suka cinye gero a gona, suka shigo gida suka bar mana karan kuɓewa tsirara tun ba ta ƙosa ba. Babu gidan da ya tsira da ƙwaya ɗaya ta iri. Da rani kika kwanta, ba ki tashi ba. Abin da ya rage na jar Galma a duniya shi ne na cikin gorar da ke rataye a ɗakin Gwaggo Tabawa.

Abin da ya biyo baya ba ki gan shi ba, kuma na gode wa Allah da ba ki gani ba. Gardawan kumandan, dogaran Baturen mulki, suka riƙa zuwa ɗibar maza aikin hanya, daga baya aka ce Nasara na yaƙi a ƙasarsu, ana son soja, ana son hatsi. Gwaggo Tabawa ta ce ba za ta zauna a kwashe mata 'ya'ya ba. Suka ɗaure kaya za su tsallaka iyaka zuwa wajen Sakkwato. Ta shigo gidanmu da gorarki a ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Dije, riƙe min wagga. Kak ki hwasa bakinta. Ƙura na lafawa muna komowa, ni ka buɗe ta da hannuna, don Innarki."

Na rataye ta inda hayaƙi ke samunta. Damina ta zo, Gwaggo ba ta zo ba. Na je wurin Hajo, wadda ta zama babbarmu bayanku, na ce a bar ni in shuka ko rabi ne. Ta ce, "Ba a taɓa yi ba. Wadda tal liƙe ita ka buɗewa. Amana ce." Wata daminar na koma, ta maimaita. Ta bayanta ma haka. Na ji haushi, Inna, har yau ina ji. Na san iri yana tsufa kamar mutum, ita ma ta sani. Amma ke kika koya mini cewa ba a tsallake maganar manya, kuma ni ma, gaskiya, ina ganin in na fasa lakar nan kamar na yanke cewa Gwaggo ba za ta dawo ba.

Cikin shekarun nan unguwa ta zube. Wasu sun bi mazansu, wasu suna kusa da ke a maƙabarta. Dangogi sun faɗi, awaki na kiwo inda lallenki yake. Ruwan farko yana sauka, ba wadda ke leƙowa ta kira wata.

Bana da bazara wani mai jakai ya zo daga kudu, ya ce Gwaggo Tabawa ta rasu tun bara waccan. Hajo da kanta ta dogara sanda ta zo ta ce in buɗe.

Na fasa lakar. Irin na nan cikin toka, a ido lafiya lau. Na jiƙa rabi, na shuka a tsohon fangalinki bayan ruwa mai kyau. Na jira. Yakuwar da ba wanda ya shuka ta fito, ciyawa ta fito, kuɓewa shiru. Na ce ko ƙasar ce ta yi sanyi, na shuka sauran a gindin randa, na yi musu rumfar kara, ina ba su ruwan da ya kamata in sha. Da na gaji da jira na tona da yatsa. Ɓawo na tarar, baƙi, ya ruɓe. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ki.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Jikarki mai sunanki za ta yi aure, angon wani manomi ne na Azarori, kuma tana son sa. Kin san tun yaye tana Keita wurin ƙanwar ubanta, ba ta taɓa ɗanɗana jar Galma ba, labarinta kawai ta sha. Da ta zo, abin da ta fara nema shi ne gorar kakarta, don amarya a gidanmu da ita take tafiya. Ba ni ta tambaya ba, ta san 'yar fari ba ta samun doguwar magana wurin uwa. Wurin Hajo ta kai tambayar, ina jin su ta bayan danga. Yarinyar da ko sunanta ba na iya kira, ta yaya zan zaunar da ita in ce mata gadonta ya mutu a hannuna?

Ran kasuwar Buza Hajo ta aika aka sayo mata irin kuɓewa, irin wanda kowa ke shukawa. Ta kawo mini a ƙullin zane ta ce in zuba a gorar. Na ce za a gane. Ta ce, "Wa ka ganewa, Dije? Ni da ke munka rage, ni ko ban ganin tahin hannuna."

Na so in yi mata faɗa. Na bi gidajen unguwa a zuci, ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda zai ga koren kara ya ce wannan ba ta Galma ba ce. Ban samu kowa ba.

Na zuba, Inna. Na sa sabuwar toka, na liƙe da laka. Jiya Hajo ta miƙa mata, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Allah shi jiƙan Kaka." Baɗi wata koriyar kuɓewa za ta fito a Azarori da sunanki, za a ci, a ce ashe abin da ake ta yabo ke nan.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sanya ki a lambun da fara ba ta sauka. Ya jiƙan Baba da duk matan unguwarmu da suka riga mu. In kun haɗu da Gwaggo Tabawa, ki gaishe ta, ki ce mata na riƙe amanarta. Ban fasa ba sai da babu sauran abin riƙewa a ciki.

'Yarki mai kewarki,
Dije