Na yaudari ɗana a kan naitros ɗin motarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, Makka babban gari ne amma Hausawan cikinsa duk mun san juna. Don Allah ku ba ni shawara, na daɗe ina karanta na mutane a nan, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba.

Ni bakanike ne, shekarata hamsin da shida, a unguwar Mansur aka haife ni, kakana ne ya zo aikin Hajji daga Kano ya zauna bai koma ba. Ina da 'yar warsha tawa, wato gareji, lokacin Hajji kuma nakan yi gyaran motocin da ke jigilar alhazai. Matata ta rasu shekara biyar ke nan, ta bar min 'ya'ya biyu, macen ta yi aure tana unguwar Shisha, namijin kuma zan kira shi Nasir, ba sunansa ba ne, shekararsa ashirin da biyar yanzu. Sai da uwarsu ta tafi na gane ashe ita ce take haɗa mu hira ni da yaron nan. In na yi masa magana da Hausa ya amsa da Larabci, amsar ma ba ta wuce tayyib ko halas, wato to ko shi ke nan, ya shige ɗakinsa. Gida ɗaya muke kwana, amma sai mu yi sati maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba. Ni kuma ban iya jan hira ba, tun ina yaro haka nake, hannuna ne mai magana ba bakina ba.

Ana haka wata rana ya shigo warsha da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo min waya yana nuna min hoton wata mota da ya gani a wurin da ake zubar da motocin da suka mutu. Irin tsofaffin motocin Amurka ɗin nan ne masu ƙofa biyu da dogon bonet, injin silinda takwas, duk ta yi tsatsa, ko gilashi babu. Ya ce, "Baba, za ta tashi?" Da Hausa ya faɗa. Wallahi ko da ba za ta tashi ba, ranar sai na ce masa za ta tashi. Muka jawo ta, shekara biyu muna kanta, kowace Juma'a bayan la'asar in na rufe warsha sai mu biyu. Muka sauke injin, muka sa fistin masu ƙarfi, muka canja giya da birki da salansa, shi ya zaɓi fenti baƙi. A nan ya koyi sunan kayan aiki da Hausa, yana dariya wai sufana, a nan kuma ya fara ba ni labarin wurin aikinsa da abokansa, har da wata yarinya da yake so. Ranar da injin ya tashi ya rungume ni da baƙin mai a hannunsa, rabon da ya taɓa jikina tun ranar jana'izar uwarsa.

Da motar ta fara tafiya sai ya zo da maganar naitros. Ga waɗanda ba su san shi ba, wata iska ce da ake ɗurawa a kwalbar ƙarfe a ajiye a but ɗin mota, a jawo tiyo zuwa inji, in direba ya taka totur har ƙasa ya danna maɓalli sai ta feshe ciki tare da ƙarin fetur, motar ta yi wani irin tsalle na 'yan daƙiƙu kamar an harba ta. Yawan ƙarfin da za ta bayar kuwa yana ga wani ɗan mitsitsin noti mai huda a tsakiya, jet ake ce masa, in hudar babba ce ƙarfin ya yi yawa. Nasir ya ce yana son wanda zai ƙara masa ƙarfin doki ɗari da hamsin, wai a filin tsere mai izini zai riƙa shiga, inda akwai hular kwano da motar asibiti. Na ce bari in yi tunani. A cikin satin ne ƙanwarsa ta turo min wani bidiyo da ta gani a wayar mijinta, motoci biyu suna tsere da sanyin safiya a faffaɗan titunan nan na wajen Muzdalifa, waɗanda in ba lokacin Hajji ba ba kowa a kansu. Ba a ga fuskar direba ba, amma ni na haɗa salansar nan da hannuna, ko ido rufe na san kukanta. Wata motar ɗaukar ruwa ta ɓullo daga gefe, ya kauce mata da ƙyar, masu ɗaukar bidiyon suna ta shewa.

A nan na yi kuskuren da ya kawo ni wurinku. Ban tare shi da maganar bidiyon ba, tsoro nake ji kada in yi faɗa ya daina zuwa warsha ranar Juma'a. Ban kuma ce masa ba zan sa ba, don na san zai kai wa wani. Sai na ce to, na karɓi kayan, na haɗa komai tsaf yana tsaye yana miƙo min sufana, kwalba, tiyo, waya, maɓalli, duka. Da ya fita sayo mana shayi sai na cire jet ɗin da ya kawo na sa mafi ƙanƙanta da ke cikin kwalin, wanda ƙarfinsa bai kai kwatan abin da ya nema ba, na daidaita jet ɗin da ke ba da fetur da shi. Ya gwada, ya ji ɗan motsi, ya ce yana zaton zai fi haka, na ce masa motar ce mai nauyi, kuma zafin garinmu yana rage ƙarfin inji. Ya yarda, don bai taɓa jin na yi masa ƙarya ba. Har sumbatar kaina ya yi.

Wata biyu yana yawo da ita yana gaya wa abokansa babansa ne ya haɗa, babu bakanike irinsa a Makka. Sai suka tafi Jidda wurin da ake ɗora mota a na'urar auna ƙarfi, su kusan goma, kowa da wayarsa a hannu. Na'ura ta nuna abin da ta nuna. Mai wurin ya kwance tiyon ya zaro jet ɗin ya ɗaga shi sama, ya ce wannan ai na yara ne, duk wanda ya haɗa maka ko bai san aikinsa ba ko ya raina maka hankali. Suka yi ta dariya, har yau wai suna tsokanarsa da shi. Ya dawo gida da yamma ya ajiye jet ɗin a kan tiren abincina. Na yi zaton zai yi ihu, bai yi ba. Na gaya masa na ga bidiyon Muzdalifa, na ce tsoron rasa shi nake kamar yadda na rasa uwarsa. Ya ce da na kira shi na zage shi, ko na mare shi, ko na ƙwace makullin, duk zai ɗauka, amma in tsaya ina kallonsa yana yabona a gaban mutane alhali na san abin da na yi, wannan ne ba zai iya ba. Sai ya tambaye ni, da Larabci, a cikin shekara biyun nan me da me kuma na yi masa ƙarya a kai. Na ce babu. Ya ce ta yaya zai sani. Washegari ya kwashe kayansa ya koma wurin abokansa.

Yau wata huɗu. Yana turo gaisuwar Juma'a a waya, irin hoton nan da ake tura wa kowa. Sau biyu na hango shi a Harami, na rasa ta inda zan fara, har ya ɓace a cikin mutane. Gidan ya yi min girma, nakan daɗe a warsha ko ba aiki, in share inda yake a share. Ranar Juma'a bayan la'asar ita ta fi min wuya, sai in zauna a bakin ƙofa ina kallon masu wucewa, maƙwabta suna tambayata ina mai baƙar mota, ina cewa aiki ne ya yi masa yawa.

Shekaranjiya ƙanwarsa ta zo da saƙo. Ya ce ko dai in haɗa masa shi yadda ya nema tun farko, yana tsaye yana gani, ko kuma ya kai wa wani gareji a bayan gari da ya ce zai yi masa a yini ɗaya. Na san aikin wurin nan, motoci biyu da suka fito daga hannunsu sun zo min da fistin a narke. Ba sa ƙara famfon mai, ba sa ja da taimin, wato lokacin tartsatsin wuta, baya, ba sa canja filogi, kwalbar ma ɗaure ta kawai suke a but ba tare da bututun da zai fitar da iskar waje ba in zafi ya sa ta yi ƙarfi, ku kuma kun san zafin ranar Makka. In ni na yi, na san injin zai ɗauka, ni na gina shi, ba abin da zai fashe. Amma da hannuna zan ba shi ƙarfin da in taya ta zame a wannan gudun ba birkin da zai tsayar da shi. Na tambaye ta ko ya daina zuwa Muzdalifa, ta ce ya rantse mata ya daina tun ranar motar ruwan, wai shi ma ya tsorata. Ta ce, "Baba, kai ma ka yarda da shi sau ɗaya mana, ai kai ka fara karya amana." Nasir babba ne, motar da sunansa take, ba ni da ikon hana shi.

Akwai kuma abin da ban gaya mata ba. Ina jin zuciyata tana karkata ga in yarda, kuma ban sani ba ko don in kare shi daga mugun aiki ne, ko kuwa kawai don ya dawo ya tsaya kusa da ni ko na yini ɗaya ne. In na biyun ne, to ransa nake shirin sakawa a haɗari don kaɗaici ya ishe ni, kuma in wani abu ya same shi ban san da wane ido zan kalli 'yar uwarsa ba.

To 'yan uwa, musamman iyaye da waɗanda suka san harkar mota, me zan yi? In haɗa masa da sharaɗin sai a filin tsere kawai, alhali ni da na karya amana ba ni da bakin kafa sharaɗi? Ko in ƙi, in bar shi ya tafi inda na san za a yi masa aikin banza? Kuma ta yaya uba yake ba ɗansa haƙuri, ni ban taɓa gani ba a gidanmu, ban san kalmar da ake farawa da ita ba. Ranar Alhamis bayan azahar zai kawo motar ya ji amsata. Ya ce a gaya min kada in wahalar da kaina da abinci, ba zama zai yi ba. Na dai ce wa mai tsiren layinmu ya ajiye min na mutum biyu. Ku taimaka min da shawara kafin ranar, Allah Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.