Cajin Suhaibu

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
An kama ƙanena Suhaibu a rumfarsa ta cajin waya a kasuwar Kuyello. Wai an samu wayar wani mai kai wa mutanen daji kaya a cikin waɗanda ya jona. Ina aji ina koyar da Turanci aka zo aka faɗa min. Ban ma goge allo ba.

Talata, 7
Mun shigo gari ni da Inna a babur. A shinge aka caje mu, har ƙullin dambun da ta yi masa sai da aka kwance. Suhaibu yana caji ofis. Ba mu gan shi ba, sun dai karɓi abincin.

Alhamis, 9
Lauya Timothy, ɗan maƙwabcinmu na dā, ya yarda zai tsaya mana. Ya ce mu kwantar da hankali, ba a caje shi ba tukuna. Inna ta ce, "Ɗan nan, an caje shi mana, har takalminsa an ce sun cire." Sai da na yi mata bayani: cajin lauya daban, shi ne a karanta wa mutum laifinsa gaban alƙali. Ta ce to wanne ne ya fi muni? Na ce na gaban alƙali. Da na sani na yi shiru.

Asabar, 11
Jinin Inna ya hau. A asibiti aka ce mu jira incaji. Tana jin kalmar ta damƙe hannuna, ta ɗauka nan ma wani abin ne. Ashe Sista Helen ce, babbar wurin, mace mai sanyin murya.
Kalma ɗaya, caji: hanyar abincin Suhaibu, laluben jakarmu, ɗakin da aka kulle shi, kotu, yanzu kuma mai duba Inna. A littafin da nake koyarwa layi biyu kawai aka ba ta.

Laraba, 15
Na gaji. Ko kunu ban iya sha ba.

Juma'a, 17
Sun sake shi, babu caji. Lauya ya ce mutanen kasuwa sun shaida kowa yana kawo masa waya, ba ya tambaya. Ya rame, wuyansa duk cizon sauro. Inna sai shafa kansa take kamar yaron goye.

Lahadi, 19
Ina tankaɗe da hantsi Suhaibu ya zo ya tsuguna kusa da ni. Na tambaye shi abin da ban so tambaya ba, ko ya san wayar wa ce. Sai ya ce:
"Yaya Zulaiha, in mutum ya miƙo miki waya, kin san waɗanda ke bayansa, kin san sun san gidanmu, me za ki ce masa?"
Na ci gaba da tankaɗena.

Lahadi, 26
Jiya an zo har ƙofar gida ana tambayar yaushe zai buɗe rumfa. Baƙuwar fuska, in ji Inna.
Na hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis, na kira ƙawata Ma'u a Kaduna. Ɗaki nake nema wa Suhaibu, shi kaɗai, kafin abubuwa su lafa. Ta ce akwai wani a layinsu. Damina ta kusa, ga gonar Baba ba a share ba, ga 'yan ajina.
Na dai tambaye ta ko ɗakin zai ɗauki mutum uku. Tambaya ce kawai.